Jinjina ga Masu Sayar da Tikitin Agaji

A garuruwan bakin tekun Ingila za ka gan su a ƙofar kanti: dattijuwa da ɗan teburinta, littafin tikiti da gwangwanin kuɗi, ga sanyi ga yayyafi, ba a biyanta ko sisi. Tun 1824 ƙungiyar RNLI ke ceton waɗanda teku ya rutsa da su, kuma gudummawar jama'a ce ke riƙe da ita. Waɗannan bayin Allah masu sayar da tikiti dominta su ke bin 'yan kasuwa neman kayan da za a ci a ƙuri'a, su rubuta sunan kowane mai saye. Da yayyafi kogi kan cika. Ran da masunci ya dawo gida da rai, akwai guminsu a man jirgin ceton.