Gyara ko Ƙwace? Tarken Makaɗa a Kan Kiɗan "In a Silent Way" na Joe Zawinul

Gabatarwa

Manazarta sun saba ɗaukar tarke a matsayin aikin da ake yi bayan an kammala fasaha. Sai dai akwai wani tarke da ke riga wannan, wato wanda makaɗa ke yi wa junansu tun kiɗa yana ɗanye. Wannan muƙala ta duba irin wannan tarke ta hanyar kwatanta sigogi uku na kiɗan "In a Silent Way", ɗaya daga cikin tubalan gaurayen jaz, salon da ya haɗa jaz da kiɗan rok da kayan kiɗa masu aiki da lantarki.

Asalin Kiɗan

Joe Zawinul, makaɗin piyano da aka haifa a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya a 1932, shi ya tsara kiɗan, yana mai tuna ƙuruciyarsa a ƙasar haihuwarsa. Ranar 18 ga Fabrairun 1969 ya kai shi ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Columbia a birnin Niyok, bisa gayyatar mabushin ƙaho Miles Davis. Sauran makaɗan su ne Wayne Shorter da Herbie Hancock da Chick Corea da Dave Holland da Tony Williams, sai kuma John McLaughlin, makaɗin jita da bai daɗe da isowa daga Ingila ba.

A rubutun Zawinul, raujin kiɗan yana tafiya ne a kan jerin ƙullin sauti masu yawa. Abin da ake nufi da ƙullin sauti shi ne sautuka uku ko fiye da ake bugawa lokaci guda, su zame wa rauji shimfiɗa. Gwajin da aka yi da wannan siga ya fito a 2001 cikin tarin The Complete In a Silent Way Sessions. Mai sauraro zai ji kiɗa mai daɗi da ganga ke rakawa a hankali, amma wanda bai yi wa sa'o'insa na wancan zamani fintinƙau ba.

Shawarar Davis

Davis bai gamsu ba. Ya sa aka zubar da jerin ƙullin, aka bar raujin a kan sautin E kaɗai, aka kuma janye bugun gangar. Kamar yadda McLaughlin ya sha bayyanawa a hirarraki, Davis ya umarce shi da ya kaɗa raujin tamkar wanda bai iya jita ba. Sai ya koma ga ƙullin E, wanda yana cikin na farko da ɗan koyo ke kamawa, ya bi raujin sannu-sannu. Wannan sigar ce ta shiga faifan da ya fito a watan Yulin 1969: jita ta fara, Shorter ya karɓa, sannan Davis ya shigo.

Abubuwa biyu ne suka sa wannan shawara ta cancanci sunan tarke. Na farko, ta gano inda ƙarfin aikin yake, wato raujin, ta kuma gano abin da ke danne shi. Na biyu, an gwada ta nan take, kunnen kowa ya zama shaida. Kwatanta gwajin da sigar faifai yana nuna cewa ragin ya ba kowane sauti sarari, har shirun da sunan kiɗan ke nuni gare shi ya zama abin da ake ji.

Tarken bai tsaya nan ba. Teo Macero, wanda ya kula da haɗa faifan, ya yanka zaren ɗaukar sauti, ya sa wannan yanki na kusan minti 4 a farko, ya biyo da "It's About That Time", sannan ya maimaita yankin a ƙarshe. Da haka kiɗan Zawinul ya koma mabuɗi da marufin aikin wani.

Martanin Mai Kiɗa

Davis kansa ya faɗa a tarihin rayuwarsa na 1989 cewa Zawinul bai ji daɗin abin da aka yi wa kiɗansa ba. Ƙorafin yana da tushe. Ƙullin da aka cire su ne ke motsa raujin daga wani yanayi zuwa wani, yadda tunanin gida ke kai mutum ya komo da shi. Da aka cire su, begen wani wuri takamaimai ya koma natsuwa wadda ba ta da gari. An sami kyau, amma an yi hasarar wani ɓangare na jigo.

Zawinul ya mayar da martani da aiki. A faifansa mai suna Zawinul, wanda kamfanin Atlantic ya fitar a 1971, ya sake ɗaukar kiɗan da cikakkiyar shimfiɗarsa. Wannan siga ta fi ɗumi da yalwar launi, ko da yake ba ta kai ta Davis kama zuciya ba. Ita ce kuma ta bayyana manufar mai kiɗan.

Kammalawa

Hukuncin da kwatancin ya kai gare shi shi ne, shawarar Davis ta yi daidai ga faifan Davis, ba lallai ga kiɗan Zawinul ba. Ya kamata a lura cewa mai shawarar shi ne mai gayya, don haka maganarsa umarni ce ko da ta zo da sigar shawara. Duk mai nazarin tarken da makaɗa ke yi wa juna yana bukatar ya tambayi manufar wa gyaran ya yi wa hidima, kuma wa ke da ikon cewa a'a. A wannan karon Zawinul bai sami wannan iko ba sai da ya shiga ɗakin ɗaukar sauti da sunansa.