Gwanayen Karanta Suna a Ƙasar Haɗejiya

Sunan Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau gadon sarauta a 2002, tarihi ne a dunƙule ga wanda ya iya warware shi. Adamu shi ne sunansa na yanka. Abubakar Maje mahaifinsa ne, wanda ya yi sarauta daga 1984 zuwa 2002, shi kuwa Abubakar Maje Haruna ake rubuta shi, domin ɗan Sarki Haruna ne, wanda ya riƙe ƙasar tun daga 1950. Shi ma Harunan ɗan Sarki Abdulƙadir ne. Ɗa ya goya sunan ubansa, jika ya zo ya sauke na kakan ya goya na nasa uban. Haka abin yake a fada, haka yake a gidan masunci a Guri ko na manomin shinkafa a Auyo.

Sai dai fada tana da marubuta da maroƙa masu tsare mata jerin kakanni. Talaka ba shi da su. Abin da yake da shi wasu mutane ne da ba a naɗa musu rawani saboda wannan aiki ba, ba kuma a biyansu ko sisi: tsohuwar ungozoma da ta yanke cibiyar rabin unguwa, wanzamin da ya yi wa uba askin suna ya dawo ya yi wa ɗansa, sanƙiran da ke shelanta suna da safiyar ranar bakwai, da dattijon da ya tsufa a zauren bulama. Ka faɗa wa ɗayansu sunanka, ya faɗa maka na nawa ne kai a ɗakinku, wa aka haifa kafin kai, wace rana ka zo duniya, wani lokaci har da baƙin cikin da mahaifiyarka ta sha kafin ta same ka. Ba duba ba ne, ba tsibbu ba. Ilimi ne mai ƙa'idoji, kuma a ganina ya fi wuya a kan wanda masana sunaye na wasu ƙasashe suke rubuta littattafai a kai.

Ɗauki Rasha. A can kowa yana da suna uku, na tsakiyan kuma aikinsa ɗaya ne tak: ya faɗi sunan uba. Namiji a ƙara masa "ovich" ko "evich", mace "ovna" ko "evna". Shugabansu Vladimir Vladimirovich Putin takwaran mahaifinsa ne, sunan ya nuna. Tsohon ɗan damben nan na Dagestan da samarinmu suka sani, Khabib Abdulmanapovich Nurmagomedov, ɗan Abdulmanap ne, can baya kuma akwai wani kaka Nur Muhammad wanda sunansa ya zama na zuriya. Yawancin sunayen zuriyarsu haka suka samu: Ivanov zuriyar Ivan, Kuznetsov zuriyar maƙeri. Talakawan karkara da yawa ba su ɗauki irin wannan suna ba sai bayan 1861, lokacin da Sarki Alezanda na Biyu ya 'yanta manoman da ke ɗaure a gonakin masu ƙasa. Da takarda ta kama sunan, shi ke nan, ya daskare. Shi ya sa ko sunan zuriya ya yi ƙaranci ƙwarai, mai bincike a can yana iya bin sawunsa a littattafan coci da na ƙidaya har ya kai ƙauyen da ya fito.

Bahaushe kuwa ɓoye sunan yake yi da gangan, saboda kunya. Ɗa ba ya kiran sunan ubansa gatsau. Mace ba ta faɗin na mijinta, sai Malam ko Alhaji ko maigida, ba ta kuma faɗin na surukanta. Uwa tana sakaya sunan ɗan fari. To idan aka yi wa jariri takwara da kakansa, wa zai iya buɗe baki ya kira shi a gidan? Sai a ce Abba, ko Baffa, ko Baba, ko Mai Sunan Malam. Mace a ce Ummi, ko Iya, ko Inna. Sunan da liman ya raɗa yana nan, amma an lulluɓe shi, yaron ma kansa yana iya kaiwa shekarun shiga makaranta bai san shi ba. Daga nan gwanintar take farawa, domin gwani yana karanta abin da aka ƙi faɗa ne.

A ce saurayi ya zo neman aure daga wani ƙauye na Kirikasamma, ya durƙusa gaban kakar yarinyar.

"Yaro, wa sunanka?"

"Abba Gambo, Iya."

"Abban wa? Sunan mahaifin babanka ka ci, ko na wajen uwa?"

"Na wajen Baba ne."

"To madalla. Su Hasan da Husaini, yayun babanka, suna raye?"

Saurayin bai ambaci tagwaye ba, amma Gambo ba ya zuwa sai a bayan tagwaye. Bai faɗi sunan kakansa ba, amma da ya ce sunansa na yanka Usman, ta san kakan ma Usman ne. Saura ta lalubo a ranta wane Usman ne a wancan yanki ya haifi tagwaye maza sannan Gambo, kuma irin wannan gida ba ya yin yawa. Kafin a kawo ruwan sha ta san ko mutanen kirki ne, ko akwai tsohuwar rigimar gona tsakaninsu da danginta, ko ma akwai nono a tsakani wanda zai hana auren.

Kayan aikinta suna da yawa. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande da Delu mata ne a bayan maza. Auta ya rufe ƙofa. Talle maraici ya same shi tun yana jariri. Cindo da yatsa shida ya zo. Shekarau ya daɗe a ciki. Anaruwa ana tsuga ruwa aka haife shi, Marka a tsakiyar damina. Ɗanladi da Ladi, Tanimu da Tani, Talatu, Balarabe da Larai, Lami, Ɗanjuma da Jummai, Asabe, duk kalanda ne. In kuwa ta ji Salisu ko Rabi'u ko Hamisu, ta san gidan malamai ne ko masu bin salonsu, inda aka sa wa maza Muhammadu a jere aka bambanta su da lissafin Larabci: Auwalu, Sani, Salisu, har zuwa Ashiru. Rashawa ma sun yi irin wannan, domin Tretyakov, sunan da shahararren gidan zane-zanen Mosko yake ɗauke da shi, daga Tretyak ya fito, wato ɗa na uku.

Sai kuma sanin sunayen da suke tafiya biyu-biyu. Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne. Sanda Umaru ne, Shehu da Mani Usmanu, Maitama Yusufu, Iro Ibrahim, Ado Adamu. Indo A'ishatu ce, Kulu Hauwa'u, Binta Faɗimatu, Dije Hadizatu. Wanda bai san wannan ba sai ya ƙirga mutum ɗaya sau biyu a jerin magada, ko ya haɗe mutum biyu su zama ɗaya.

Inda ake gane ƙwararre da ɗan koyo shi ne wajen kalmar "ɗan". Ɗan koyo yana ɗauka duk inda ta fito uba take nunawa. Gaskiya ne a sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, domin Fodiyo laƙabin mahaifinsa ne, malami ke nan da Fulatanci. Amma Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, Tata ba ubansa ba ce, matar da ta rene shi ce. Ɗanmasani da Ɗan'iya da Ɗanburan sarautu ne. Ɗan'asabe rana ce, Ɗan'azumi wata ne. Haka 'Yar'aduwa, sunan unguwa ne a birnin Katsina. Saboda haka gwani ba ya yanke hukunci daga jin suna. Yana riƙe da hanyoyi uku ko huɗu a ransa, ya jefa tambaya ɗaya wadda za ta kashe sauran.

Ƙasar Haɗejiya ta fi wasu wurare buƙatar irin wannan kunne, saboda mahaɗa ce. Kafin jihadi ƙananan masarautun yankin, irin su Auyo da Garin Gabas da Haɗejiya kanta, suna ƙarƙashin Borno ne ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Shi ya sa har yau ake ce wa mai gari bulama a ƙauyuka da dama, kuma Galadima da Ciroma da Kaigama da Shettima suka zauna daram a bakin mutane. Kogin Haɗejiya da fadamarsa sun tara Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa wuri guda, kowa da abin da ya kawo shi: wani su, wani kiwo, wani noman rani. Auyokawa sun rasa harshensu sun koma Hausa. Mutum zai yi maka Hausa tsantsa, amma da ya ce kakansa Bukar ne ko Modu, kakarsa Falmata, an san ta gabas gidan ya ɓullo, domin haka Barebari suke furta Abubakar da Muhammadu da Faɗimatu. In ya ce Dikko, ɗan fari ne a Fulani. In ya ce Sambo, sunan da Fulani suke ba ɗa na biyu ne, kuma Malam Sambo da ya kafa gidan sarautar Haɗejiya na yanzu a 1808 ƙanen Umaru ne, wanda ya riga shi jagorancin Fulanin yankin.

Ɗan Sambo, Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye ya kuma rasu a fagen yaƙi a Gogaram ta ƙasar Bade a 1863, sunansa daga nesa ya taso. Na Imamu Buhari ne mai tattara hadisai, shi kuwa an jingina shi ne ga garinsu Bukhara, wanda yake Uzbekistan a yau, ƙasar da ta daɗe ƙarƙashin Rashawa. Sunan gari ya zama sunan yanka a bakin kogin Haɗejiya. Sarkin Haɗejiya Muhammadu kuwa ba a haife shi Mai Shahada ba. Ranar da ya faɗi yana yaƙar Turawa a watan Afrilu na 1906 ya sami laƙabin, har ya kusa danne sunan yankan.

Sunayen da suka fi ƙaranci yanzu su ne na wabi, kuma su ne gwani ya fi taka-tsantsan da su. Macen da 'ya'yanta suke mutuwa suna ƙanana, in ta sake haihuwa sai a sa wa jaririn sunan wulaƙanci ko na roƙo: Ajuji, Ayashe, Ajefas, Barmani, Dangana. Nufin shi ne a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Tsoffin Rashawa sun yi daidai wannan dabara, suna kiran yaro Nekras, wato mummuna, daga nan aka sami zuriyar Nekrasov har da mawaƙinsu mai wannan suna. Nasu ya daskare ya wanzu. Namu kuwa wa'azin malamai da allurar rigakafi sun rage shi, tsarin sauke sunan kaka ya ƙarasa shi: Ajuji ya haifi Musa Ajuji, Musa ya haifi Sadiƙu Musa, an wuce wurin. Tsohuwar da ta ji irin wannan suna a bakin baƙo ba ta fassara masa shi a gaban mutane. Sanin abin da za a haɗiye yana cikin sana'ar.

Makarantar boko ce ta fara rikita lissafin. Da aka tara yara daga garuruwa, Muhammadu ya yi yawa a aji, ga kuma kunyar faɗin sunan uba, sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu. Sardauna Ahmadu Raba ne a Kwalejin Katsina. Haka aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a nan gida kuma ake jin Auyo da Birniwa da Bulangu da Haɗejiya a ƙarshen sunayen 'yan boko. Wannan suna yana nuna gari, amma bai nuna gida ba, dubban mutanen da ba su haɗa jini ba suna iya amsa shi. Yanzu kuma lambar BVN ta bankuna da aka fara a 2014 da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa suna neman sunan da ba ya canzawa daga takarda zuwa takarda. Abin da ya faru a Rasha bayan 1861 yana faruwa a gabanmu: duk sunan da aka shigar a kwamfuta ranar rajista, ko na kaka ne, ko laƙabi, ko sarauta, shi jikoki za su gada. Ban ga laifin tsarin ba, yana hana algus. Amma kwamfuta ba ta san Garba da Abubakar mutum ɗaya ba ne, kuma matasa da yawa sun sha zirga-zirgar rantsuwa a kotu kafin su gamsar da ita.

A fadama kuwa har yanzu ba a sami abin da ya maye gurbin dattawan nan ba. Gonakin bakin kogi galibi ba su da takarda. Ambaliya irin ta 2020 da ta 2022 takan share kunya da alamar iyaka, wani wurin kuma kacala ta cinye fili shekaru, sai an sare ta a dawo ana tambayar na wa ne. Ranar da aka zauna gaban bulama, magada sun zo da sunayen katin ɗan ƙasa, wanda ya fara saran gonar kuwa ba a taɓa saninsa da sunan yanka ba. Sai a aika a taho da tsohon da ya sani. Ya zauna, ya gaisa, ya ce: "Ranka ya daɗe, wanda suke kira Ibrahim a takardar nan shi ne Tanko na gidan Sarkin Ruwa. Mata uku ne a gabansa, shi ya sa aka ce masa Tanko. Biyu sun yi aure a Birniwa, ɗaya ta rasu ta bar ɗa. Kafin a raba gonar nan sai an nemo 'ya'yansu, domin gonar ta ubansu ce, ba ta Tanko ba."