Shauƙi da Kunya a Ƙagaggun Labaran Soyayya na Kirista da na Hausa

Tun daga rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama tamkar iyaka, ta yadda mai karatu a Hayin Banki da takwaransa na Sabon Tasha ba safai suke haɗuwa a kan littafi ɗaya ba. Amma idan aka yi nazari, za a ga matsala guda ce ke gaban marubutan da kowannensu ke karantawa, wato yadda za a bayyana shauƙi ba tare da an keta haddin addini ba.

Francine Rivers, 'yar Amurka, ta gina Redeeming Love (1991) a kan labarin Hosiya da matarsa Gomer na Littafi Mai Tsarki. Da aka sake buga shi a 1997 domin masu karatu Kirista, sai aka sassauta wuraren da suka fito da sha'awa fili. Duk da haka labarin bai salance ba, domin ƙarfinsa yana cikin haƙurin mijin ne.

Haka abin yake a So Aljannar Duniya (1980) na Hafsat Abdulwaheed. Abin da ya tabbatar da son Boɗaɗo ga Yasir shi ne jurewarta ga adawar danginta.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki kunya a matsayin tarnaƙi ga marubuci. Inda aka hana jiki magana, tilas a jingina so a kan halin taurari, kuma a nan ne ake gane gwani.