Dodon da Kamfani Ya Ƙera: Nazari a Kan Nemesis

Duk yaron da ya tashi a Yauri ko Matamaye ya san Dodo tun kafin ya san baƙaƙen boko. A bakin kaka ya fara jin labarinsa bayan an ci tuwon dare: ƙato mai gashi, mazaunin kurmi ko ƙarƙashin ruwa, mai haɗiye mutum ɗungurungum. A yau samarinmu sun sami wani dodo na biyu, wanda suke karo da shi a shagunan wasan bidiyo na Damagaram da Maraɗi da Kano. Malamai da dama suna ɗaukar wasannin nan shiririta ce da ba ta cancanci nazari ba. Amma abin da yaro zai shafe sa'o'i yana gudu daga gare shi, har ya yi mafarkinsa, ya kai a auna shi da ma'aunin da muke auna tatsuniya.

Dodon da za mu duba sunansa Nemesis. Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 1999, a kashi na uku na jerin wasannin ban tsoro mai suna Resident Evil, wanda aka fara a 1996. An sake sabunta wasan a 2020. Labarin yana faruwa ne a wani ƙagaggen birni na Amurka, Raccoon City, inda wata ƙwayar cuta ta kuɓuce daga ɗakin binciken kamfanin haɗa magunguna mai suna Umbrella, ta mai da mutanen gari gawarwaki masu yawo. Mai wasa yana riƙe da Jill Valentine, jami'a a wata rundunar ƴan sanda ta musamman, S.T.A.R.S., wadda ta gano asirin kamfanin. Don a rufe bakin ƴan rundunar, sai kamfanin ya saki Nemesis: zabgegen ƙato cikin baƙar riga, fuska duk ɗinki, haƙora a waje babu leɓe, da bindigar harba roka a hannu. Kalma ɗaya tak yake furtawa, sunan rundunar da aka aiko shi ya hallaka. Sunansa kuwa aro ne daga tatsuniyoyin Girkawa, inda Nemesis take nufin gunkiyar ramuwa.

A tsarin irin waɗannan wasanni, kowane mataki yana da babban dodon da ke tsare ƙofa, ba a wucewa sai an kayar da shi. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mutumin Yauri, domin Daura na nan kusa, a tsallaken iyaka. Macijin rijiyar Kusugu ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo da makamin da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sare kansa, ya sami ladan auren Daurama. Ga mai tsaron ƙofa, ga makami na musamman, ga lada. Masu ƙera wasanni sun tarar da wannan ginin a tsaye, tun da daɗewa al'ummomi suke ba da labari a kansa.

Gwanintar Nemesis ita ce ya bar bakin ƙofa ya biyo sawu. A wasan farko, in ka rufe ƙofa ka tsira, domin gawarwakin ba sa binka ɗaki na gaba. Shi kuwa yana buɗe ƙofar ya shigo, yana gudu, yana faɗowa ta taga lokacin da hankalinka ya kwanta. In ka harbe shi ya faɗi, jim kaɗan zai miƙe. A wasu wurare wasan yakan ba ka daƙiƙu kaɗan ka zaɓa: ka tsaya ka yi faɗa, ko ka ranta a na kare. Harsashi kuma ƙidayayye ne. Saboda haka tsoron yana zaune cikin jira da lissafi fiye da cikin munin fuska, kuma mai wasa yana koyon abin da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa gudun da ya tsirar da rai ba ragwanci ba ne. A wannan fanni masu wasan sun yi aikin da ya cancanci yabo.

Babban bambanci da Dodonmu yana wajen asali. Ba wanda ya taɓa tambayar kaka wa ya yi Dodo. Yana nan ne kamar yadda kurmi da kogi suke nan, kuma aikinsa ya tsare iyaka: kada yarinya ta je rafi ita kaɗai, kada a yi alkawarin da ba za a cika ba. Nemesis kuwa ƙerarre ne. Masu fararen riguna ne suka dasa wata halitta a jikin wani samfuri da suka riga suka haɗa, don su sami makami mai jin umarni. Ba yunwa ke tura shi ba, aiki aka ba shi. Tsoron da ke bayansa shi ne tsoron kamfani mai sayar da magani da rana, yana gwaji a kan mutane a ɓoye.

Ƙasar Hausa ta san ɗanɗanon wannan tsoro. A 1996, shekarar da aka fara jerin wasannin, annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer kuma ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009 kan dalar Amurka miliyan 75. Wasan ƙage ne, bai kuma yi nufin Kano ba. Sai dai tambayar da yake tayarwa, wato wa ke sa ido a kan masu ilimi da kuɗi, tambaya ce da aka yi ta a kotu da sunan ƴaƴanmu.

A nan ne kuma raunin wasan ya bayyana. Ya nuna mana maƙerin, amma abin da aka ƙera kaɗai ya ba mu damar bugu. Jill ta ƙarasa Nemesis da wata gagarumar bindiga bayan ya narke ya zama tulin nama, ta tsere a jirgi mai saukar ungulu, gwamnati ta shafe birnin da makami mai linzami. Faɗuwar Umbrella kanta sai a 2005 aka ba da labarinta, cikin ɗan taƙaitaccen bayani a farkon kashi na huɗu. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A gwada da tatsuniyar Ɗan Auta, wanda ya gasa duwatsu a wuta ya jefa wa Dodo a baki: yaro ne marar ƙarfi, dabara ce makaminsa, gari kuma ya kwana lafiya. Bayajida ma da ya gama, rijiya ta buɗe ga kowa. Dodonmu ana kashe shi don jama'a su rayu, a wasan kuwa jarumar ta tsira da ranta, garin ya zama toka.

Akwai wani abu ƙarami a labarin da bai kamata malami ya bari ya wuce ba. Lokacin da Nemesis ya sa wa Jill cutar, abokin tafiyarta Carlos ne ya kutsa asibitin garin ya haɗo maganin da ya cece ta. Ilimin da ya haifi dodon shi ne ya kawo waraka. Wannan darasi yana da nauyi a wurinmu, domin rashin yarda da ya biyo bayan abin da ya faru a Kano yana cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a can a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Neman bahasi daga kamfani hakki ne, ƙin magani kuwa yara ne suke biyan kuɗinsa.

Wasan cike yake da jini, kuma masu tantance wasanni sun keɓe shi ga manya, don haka iyaye suna da hujja in sun hana ƙanana. Amma ga saurayin da ya riga ya san Nemesis, tsawa kaɗai ba za ta fitar da shi daga kansa ba. Malamin Hausa zai iya sa ɗalibai su jera dodannin biyu su amsa tambayoyi uku: wa ya yi shi, da me aka kayar da shi, wa ya amfana da mutuwarsa? Ƙungiyoyin al'adu kuma su hanzarta naɗar tatsuniyoyin Dodo daga bakin tsofaffin matan Yauri da Kance tun suna raye, yadda Frank Edgar ya tattara nasa kundin tun 1911. Cikin samarin da ke riƙe da madannin wasa a yau akwai waɗanda za su iya ƙera nasu wasan gobe, kuma da labaran da suka gada za su ƙera shi.