Leƙa Ka Gani, Ali Yana Ciki?

A Briqueterie, unguwar Hausawan Yaoundé, tsakanin shagunan teloli da hayaƙin masu tsire, akwai wani ɗan ɗaki da ake koyar da kwamfuta. Babbar na'ura ɗaya ce mai Linux, kowane ɗalibi yana shiga cikinta da sunansa, wasu ma daga gida. Matashin da ke kula da ita ba ya kashe ta da magariba sai ya tabbatar babu wanda ya rage a ciki, kada ya ɓarar wa wani da aikin yini guda. Yadda yake tabbatarwar ne ya burge ni.

Ba ya tashi ya zaga kujeru. Layi ɗaya ya rubuta ya ajiye, wanda ke duba ko ɗalibi, misali Ali, yana ciki:

who | grep -q "^ali "

Shi who tsohon umarni ne, yana nan tun farkon Unix, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969. Aikinsa ya buɗe rajistar da na'ura ke rubuta masu shigowa, wadda ake kira utmp, ya jero sunayensu da lokacin da kowa ya shiga. Sandar nan da ke tsaye a tsakiya bututu ce, tana kwarara jerin zuwa ga grep, shi kuma ya tankaɗe kamar rariya. Harafin q ya ce masa ya yi shiru, lamba kawai zai mayar: sifili idan ya samu, ɗaya idan bai samu ba. Ɗalibai kan yi turus a nan, domin a makaranta sifili faɗuwa ce, a wannan fage kuwa ita ce nasara. Da lambar ce kalmar if, wato idan, ke yanke hukunci, ta ce yana nan ko ba ya nan.

Gwanintar tana cikin 'yar hular (^) da ke gaban sunan da ɗan filin da ke bayansa. Ya goge su a gabana, ya sake tambaya, sai na'ura ta ce Ali yana ciki, alhali Ali ya tafi masallaci tun ɗazu. Halima ce ke aiki, kuma haruffa ukun sunansa suna kwance a tsakiyar nata. Hular ta ce sai daga farkon layi, filin kuma ya hana Aliyu amsa kiran Ali. Duk wanda ya ga tela yana sake gwada awo kafin ya sa almakashi a shadda zai gane wannan hannun.

Idan jiran mutum yake, sai ya sa kalmar until ta riƙa leƙawa, sleep 60 kuma ta hutar da ita minti ɗaya tsakani. Bai yarda da who shi kaɗai ba, domin mutum na iya fita ya bar aiki yana gudana, don haka yakan ƙara da umarnin pgrep ya duba ayyukan da ke gudana.

Bash, harshen da yake rubutu da shi, Brian Fox ne ya fitar da shi a 1989, kuma kyauta ne har yau. Samarinmu masu tsohuwar kwamfuta a ɗaki, ku sa mata Linux, ku fara da wannan layin.