Damagaram ba fada kaɗai ba ce

Yau za mu duba littafin da marigayi André Salifou, haifaffen Zinder, ya fitar a 1971 kan sarautar Damagaram a ƙarni na 19. Aiki ne mai nauyi. Malamin ya haɗa takardun nasara da abin da ya ji daga bakin tsofaffi, ya jera mana sarakuna bi da bi. A ciki muna ganin Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin garin. Muna ganin yadda aka kashe kaftin Kazamaju a 1898, da shigar sojan Faransa a 1899. Wanda ke neman wannan tarihi, tilas ya biyo ta nan.

Amma akwai abu biyu da ya kamata a faɗa.

Na farko, daga ƙofar fada littafin ya fi hangen garin. Ya taɓo ciniki da sana'o'i, gaskiya ne, amma sarki da yaƙi su suka ci rabo mai tsoka. Ana cewa ganuwar Tanimun, to su wa suka kwaɓa ƙasa, su wa suka ɗauke ta a ka? Maƙeran da suka zuba igwar nan, a wace unguwa zuriyarsu take? Ga Zango, inda ayarin Abzinawa ke sauke gishirin Bilma da dabino, inda attajiri Malam Yaro ya yi suna. Fatoman da ke saukar da baƙin, da dukawa, da marina, da bayin da suka yi aikin, kowa yana da gida da jikoki. Su ma Damagaram ne.

Na biyu, da faransanci aka rubuta shi. Jikokin mutanen da ake zancensu, da yawansu ba su shiga lakkol ba. An yi musu aski ba su nan.

Wannan giɓi ba malami ɗaya zai cike shi ba, aikinmu ne. Duk wanda ya koyi rubutun Hausa a ajin yaƙi da jahilci yana iya cika takarda guda kan unguwarsu: wa ya fara zama, daga ina ya zo, wace sana'a gidansa ya gada, wa ya gina rijiyar farko. A tambayi tsofaffin mata, don su suka riƙe lissafin aure da dangantaka. A rubuta abin da aka ji, mai daɗi da marar daɗi, ban da ƙarin gishiri don faranta ran wani gida.

Kowace damina tsofaffin sorayen Birni suna zubewa, dattawa kuma suna ƙarewa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ba mu iko.