Hawan Duwatsun Rurum: Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu

Masu ganin sai an yanki tikitin jirgi zuwa hamadar Arizona ta Amurka kafin a more yawon daji cikin ƙayoyi da namun dawa, ina roƙonsu su fara zuwa Rurum. Mun je da ayarin abokai a hunturun da ya wuce, kuma har yau bakina bai gaji da ba da labari ba.

Rurum Sabon Gari tana cikin ƙaramar hukumar Rano, ƙasar Autan Bawo, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Ka bar Kano bayan sallar asuba, da hantsi kana can. Duwatsu ne za su fara yi maka maraba, jibga-jibga, wani ɗore a kan wani. Masana sun ce irin waɗannan duwatsu na ƙasarmu sun haura shekara miliyan 500. Tsarki ya tabbata ga wanda ya jera su!

Amma abin da ya fi tafiya da hankalina tinya ce. Kai, tinya! A tsagin dutse take fitowa, inda ƙasar ba ta kai cikin tafi ba, ta miƙe da rassa kakkaura masu ruwan toka, kowanne da ƙayoyinsa. Da damina ta yi ganye a kan rassan, rani na shigowa ta zubar, ta zauna da ruwan da ta tara a jikinta har wata shekara. Masu kallon finafinan kaboyi za su ce ai ita ce shukar nan ta hamadar Amurka. Ba danginsu ɗaya ba, ƙishi ne ya koya musu dabara iri guda. Tamu tana da farin nono mai dafi, wanda maharban zamanin da suke haɗawa cikin dafin kibiya. Wani cikinmu ya kai hannu, sai dattijon mafaraucin da ke mana jagora ya ce, "Kul, yaro! Kalla da ido. Nonon nan in ya shiga idonka, sai ka yaba wa aya zaƙi." Muka ce, "To, Baba," muka ja da baya muna ta ɗaukar hoto. Ga kuma hano mai saɓar ɓawo, wanda ƙaronsa ke ƙamshin turare, ga kukkuki tsaye a kan fa.

Namun wurin ba sa son hayaniya, amma wajen gano su ne amfanin tafiya da jama'a ya fito. Ido ɗaya ba ya ganin daji. Wannan ya nuna damo kwance yana shan hantsi, wancan ya tsinkayi kazar dutse tana sanɗa da jelarta a ɗage. Da Baba ya ɗaga hannu muka yi tsit, sai ga rema sun firfito bakin kogo, ƙananan dabbobi masu guntun kunne, waɗanda masana suka tabbatar sun fi kusa da giwa a zumunta fiye da zomo ko gafiya. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi don murna. Mai neman gwaggon biri da manyan namu, dajin Falgore na can kudu yana jiransa.

Hawan akwai wuya, amma wuya mai daɗi. Inda dutse ya yi santsi, na sama ya miƙo hannu ya jawo na ƙasa, gorar ruwa tana zagayawa, dabino da ƙuli-ƙuli suna fitowa daga aljihu. Da muka kai ƙololuwa, sai ga ruwan Tiga shimfiɗe yana ƙyalli. Madatsar da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, ita ce ke shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura. Daga sama ne mutum ke gane girman wannan aiki.

Mai niyya ya je tsakanin Nuwamba da Janairu, an gama girbi, dutse bai fara ƙuna ba. Ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya ɗebi ruwa da yawa, ya fara gaida mai unguwa a haɗa shi da ɗan gari wanda ya san hanya. Mu kam mun riga mun sa ranar komawa, kuma wannan karon da ƙannenmu da 'ya'yanmu za mu.